Yadda Ake Tantance Man Fuska na Oganik da Iƙirarinsa na Hana Tsufa

Kwalbar man fuska da aka rubuta wa "organic" a gaba, aka kuma ƙara da cewa tana hana tsufa, alkawari uku take yi wa mai saye a lokaci guda, kuma yawancin kuɗin da ake asara a wannan fanni suna salwanta ne saboda an ɗauki ukun a matsayin abu ɗaya. Na farko shi ne cewa tsirran da aka tatso man daga cikinsu an noma su ba tare da takin zamani da maganin feshi ba. Na biyu shi ne cewa man zai riƙe danshi a fata. Na uku, wanda shi ne ke ɗaga farashi, shi ne cewa zai rage tamoji da tabo da sakin fata. Kowanne yana da hanyar da ake bi a gane gaskiyarsa, kuma tabbatar ɗaya ba ta tabbatar da sauran. Ana samun man da kayansa suka fito daga gona mai tsabta amma ba ya tsinana wa tamoji komai, ana kuma samun wanda aka haɗa kacokan a masana'anta amma bincike ya tsaya masa.

A fara da tambarin shaida

Rubutu a kan kwali ba shaida ba ne, domin kowa na iya buga shi. Abin da ake nema shi ne tambarin wata hukuma da ta binciki gonar da masana'antar. A Amurka, hukumar abinci da magunguna ta FDA ba ta da wata ma'ana ta doka da ta bai wa oganik a kayan kwalliya. Ma'aikatar noma, wato USDA, ita ce ke ba da tambarin, kuma da ma'aunin kayan gona take aunawa. Ba ta yarda a manna tambarinta ba sai kashi 95 cikin 100 na kayan haɗin sun kasance oganik, ba tare da an lissafa ruwa da gishiri ba. Wanda ya kai kashi 70 ana ba shi damar rubuta cewa an yi shi da kayan oganik, amma ba shi da ikon ɗaukar tambarin. A Turai kuwa ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne COSMOS, wanda ƙungiyoyi biyar suka haɗu suka kafa: Ecocert da Cosmebio na Faransa, BDIH ta Jamus, ICEA ta Italiya da Soil Association ta Birtaniya. Yana da matakai biyu da ya kamata a bambance. COSMOS Organic yana buƙatar aƙalla kashi 20 cikin 100 na dukkan abin da ke cikin kwalbar man shafawa ya zama oganik, shi kuwa COSMOS Natural bai gindaya wannan sharaɗi ba. Kashi 20 ɗin na iya bai wa mutum mamaki, amma dalilinsa shi ne ruwa ne ya fi yawa a cikin irin wannan mai, ruwa kuwa ba a nomansa balle a ce oganik ne.

Rubutun "natural" shi kaɗai bai ɗaure kamfani da komai ba. A shekarar 2016 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ɗauki mataki a kan wasu kamfanoni da suka tallata kayansu a matsayin na halitta zalla alhali akwai sinadaran masana'anta a ciki.

A kasuwanninmu akwai wata matsala da ta fi wannan girma. Abin da masu haɗa mai ke tallatawa a Instagram da WhatsApp da sunan oganik, a cikin farar roba mai ɗauke da sunan mai haɗawa da lambar wayarta kawai, sau da yawa man bilicin ne da aka cakuɗa da sitiroid, wato magungunan kumburin fata masu ƙarfi, irin su clobetasol, ko hydroquinone, wani lokaci har da sinadarin mekuri mai lalata ƙoda. A shekarar 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Saboda haka duk robar da ba ta da lambar rajistar NAFDAC, da jerin kayan haɗi, da adireshin masana'anta, da ranar lalacewa, ba ta cancanci a ci gaba da tantance ta ba. A mayar da ita kan kanta.

A juya kwalbar a karanta jerin kayan haɗi

Dokar Turai da ta Amurka sun tilasta a jera kayan haɗi daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, har a kai ga waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su ne kaɗai kamfani ke da ikon jerawa yadda ya ga dama. Ke nan abubuwa biyar ko shida na farko su ne ainihin man. Galibi za a ga Aqua, wato ruwa, a farko, ko kuma Aloe barbadensis leaf juice, domin wasu kamfanoni na maye gurbin ruwa da ruwan alobera don kason oganik ɗinsu ya haura a lissafi. Tsirrai da sunayensu na Latin ake rubuta su, kuma da yawansu na gida ne: Butyrospermum parkii man kaɗanya ne, Adansonia digitata kuka ce, Moringa oleifera zogale, Sesamum indicum riɗi, Cocos nucifera kwakwa. A kan kayan da ke da tambari na gaske, akan sa ɗan tauraro a gefen kowane abu da aka noma ta hanyar oganik, don haka mai saye na iya ƙirga su da kansa.

Dabarar da ta fi amfani a nan ita ce gano inda layin kashi 1 ya faɗa. Sinadaran hana lalacewa irin su sodium benzoate da potassium sorbate, da mai kaurara haɗi kamar xanthan gum, da turare wanda ake rubutawa Parfum, a al'ada ba su wuce wannan kaso. Idan tsiron da aka zana hotonsa a gaban kwali, aka kuma raɗa wa man sunansa, ya zo bayan waɗannan, to ɗigo ne aka sa domin talla. Sai dai a yi adalci, domin akwai sinadaran da ke aiki a ƙasa da kashi 1, kamar retinol da hyaluronic acid, don haka zuwansu a ƙasan jeri ba aibi ba ne. Jerin yana kuma tona asirin tambarin jabu: ma'aunin COSMOS bai yarda da phenoxyethanol ko silikon ko man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur irin su Paraffinum liquidum ba, wanda ya gan su tare da tambarin ya san akwai lauje cikin naɗi.

Game da sinadaran hana lalacewa, ra'ayina ya saɓa wa na masu talla. Duk man da ke da ruwa a ciki wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta da fumfuna ne, musamman idan mai faɗin baki ne da ake tsoma yatsa a ciki safe da yamma, a ɗakin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 kamar yadda yake yi a Sakkwato ko Yamai. Man da ke alfahari da cewa babu sinadarin hana lalacewa a cikinsa, alhali Aqua ce a farkon jerinsa, abin gudu ne. A nemi hoton ƙaramar kwalba mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta wa 6M ko 12M, wanda ke nuna watannin da man zai yi bayan an buɗe shi, kuma a fifita mazubi mai famfo ko wanda ake matsawa.

Shin yana riƙe danshi?

Man fuska mai kyau yana haɗa ayyuka uku. Akwai masu jawo ruwa zuwa saman fata, kamar gilisarin da hyaluronic acid. Akwai masu cike tsakanin ƙwayoyin fata su sa ta yi laushi, irin su man jojoba da man kuka. Akwai kuma masu rufe fata su hana ruwan tsiyayewa, inda basilin ya fi kowa, domin yana tare kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita, man kaɗanya da kakin zuma na biye da shi daga nesa. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙayau, mai jawo ruwa shi kaɗai ba ya wadatarwa sai an rufe shi da mai maiƙo, kuma an fi cin moriyarsa idan an shafa shi fuska na da sauran laima bayan wanka. A bazara da damina mai fuska mai maiƙo zai fi jin daɗin mara nauyi.

Ba kowane man tsiro ne ke yi wa fata alheri ba. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya sa manya 19 sun riƙa shafa mai a damtsen hannu na tsawon makonni, sai aka ga man zaitun ya raunana saman fata har ya jawo ɗan ja, shi kuwa man furen sunflower bai yi haka ba, ya ma ƙara danshi. Wannan bai taɓa darajar zaitun a abinci ba, magana ce ta shafa shi kullum a fuska mai saurin jin ciwo. Man kwakwa kuma yakan toshe ƙofofin gashi ga masu yawan ƙuraje.

Iƙirarin hana tsufa

A nan ne ake buƙatar natsuwa, domin akwai gaskiya kaɗan a cikin tallar, kuma ita ce ke sa a yarda da sauran. Busasshiyar fata tana nuna ƙananan layuka fiye da yadda suke. Idan ta sha ruwa sai ta ɗan kumbura, layukan su lafa, kamar yadda busasshen takalmin fata ke sakewa idan an shafa masa mai. Kowane man shafawa mai kyau na yin wannan cikin sa'o'i, mai tsada da mai araha, kuma yana gushewa idan an daina shafawa. Ainihin tamoji a can ƙasa yake, inda kolajin, wato furotin da ke riƙe fata ya hana ta saki, ke raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan mutum ya girma, ya kuma ragu da sauri ga mata a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada, hasken rana da hayaƙin taba na ƙara rusa shi.

Kamfanoni sun san wannan bambanci, shi ya sa suke auna kalmominsu. A dokar Amurka, duk abin da ya yi iƙirarin canza tsarin jiki ko aikinsa ya zama magani, sai ya kawo hujja kafin a sayar da shi, kayan kwalliya kuwa ba sa buƙatar amincewar FDA kafin shiga kasuwa. Don haka za a ga an rubuta cewa man yana rage "bayyanar" tamoji, ba tamojin kansa ba. Waɗanda suka ƙetare wannan iyaka sun sha gargaɗi: a 2012 FDA ta aika wa Lancôme da Avon takardun gargaɗi kan iƙirarin da suka yi wa wasu mayukansu, a 2014 kuma L'Oréal ya sasanta da FTC kan tallar da ta ce kayansa na Génifique da Youth Code suna zaburar da ƙwayoyin gado. Idan manyan kamfanoni masu ɗakunan bincike sun faɗi abin da ba su iya tabbatarwa ba, bai kamata a karɓi maganar ƙaramin kamfani ba tare da tambaya ba.

Duk inda aka ce an gwada a asibiti, ko likitocin fata sun gwada, a nemi ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasan tallar a yi masa tambayoyi: mutum nawa aka gwada, na tsawon wane lokaci, da me aka kwatanta man, kuma wa ya auna sakamakon? Sau da yawa za a tarar mata ƙalilan ne aka bai wa man kyauta na makonni biyu ko huɗu, sannan aka tambaye su ko sun ji fatarsu ta yi santsi. Wannan jin ra'ayi ne. Binciken da ake dogara da shi yana kai makonni 12 ko fiye, yana kwatanta man da wani makamancinsa da ba shi da sinadarin da ake yabo, kuma masu aunawa ba su san wanda ya shafa wanne ba.

Idan aka bi wannan ma'auni, abubuwan da suka tsira ba su da yawa. Na gaba shi ne man kariya daga rana. A garin Nambour na Ostareliya an bi mutum 903 'yan ƙasa da shekara 55 na tsawon shekara huɗu da rabi, sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa masu shafa shi kullum sun sami ƙarancin tsufar fata da kashi 24 cikin 100 a kan masu shafawa sa'ad da suka ga dama. Na biyu dangin bitamin A ne. Binciken Jami'ar Michigan na 1988 ya nuna tretinoin na gyara fatar da rana ta tsufar, FDA ta amince da shi don ƙananan tamoji a 1995, amma magani ne da likita ke rubutawa. Retinol ƙaninsa ne mai sauƙin ƙarfi da ake samu a kanti, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta ƙayyade shi a kashi 0.3 cikin 100 a man fuska. Mai juna biyu da mai neman ɗaukar ciki su nisanci dangin nan gaba ɗaya. Bayansu akwai niacinamide, wato wani nau'in bitamin B3, wanda masanan kamfanin Procter & Gamble suka gwada kashi 5 cikin 100 nasa a rabin fuskar mata 50 na makonni 12, suka ga raguwar tabo da ƙananan layuka, sai bitamin C, wanda ke aiki amma iska da haske da zafi na kashe shi da wuri; idan ruwansa ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, ya tashi aiki.

Abin lura shi ne kusan dukkan waɗannan a masana'anta ake haɗa su, don haka man da ya fi tsantsar oganik shi ne sau da yawa ya fi ƙarancinsu. Abin da ɓangaren tsirrai ke tinƙaho da shi yanzu shi ne bakuchiol, wanda ake samu daga 'ya'yan tsiron Psoralea corylifolia da aka daɗe ana magani da shi a Indiya da Sin. Wani bincike na 2019 ya kwatanta shi da retinol a kan mutum 44 na makonni 12, ya ga sakamakonsu ya yi kusa, kuma bakuchiol bai kai retinol sa fata saɓa da zafi ba. Labari ne mai daɗi, amma mutum 44 ba su kai a ajiye hujjar shekaru sama da talatin ba, don haka ina ganinsa a matsayin abin gwadawa ga wanda retinol bai karɓe shi ba. Kolajin da ake zubawa a cikin mai kuwa ba ya shiga fata: masana na cewa abin da nauyin ƙwayarsa ya wuce dalton 500 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya ya ratsa, ƙwayar kolajin kuwa tana kai dalton 300,000, don haka a sama yake zama ya riƙe ɗan danshi. Haka "ƙwayoyin asali" na tuffa da ake tallatawa, ruwan matattun ƙwayoyin tsiro ne, ba za su haifar da sabuwar fatar ɗan'adam ba.

Yawancin binciken nan a kan fararen fata aka yi su, baƙar fata kuwa ba haka take tsufa ba. Sinadarin launin da ke cikinta na kare ta daga wani kaso na hasken rana, don haka tamoji kan makara, abin da ke fara bayyana shi ne rashin daidaiton launi da duhun kumatu da goshi. Kuma duk abin da ya fusata ta, ko ƙurji ne ko ƙaiƙayi, yakan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya baje. Wannan ya sa turaren tsirrai da ke cika mayukan oganik ya zama abin taka-tsantsan a gare mu. Limonene da linalool da citral da geraniol, waɗanda za a gani a ƙarshen jeri, suna cikin sinadaran ƙamshi 26 da Turai ta tilasta a ambaci sunansu saboda suna tayar da borin fata, kuma a 2023 ta faɗaɗa jerin ya haura 80. Man ɓawon lemun bergamot da na lemun tsami na iya ƙona fata idan rana ta same su. Mara ƙamshi ya fi aminci. Wanda ke son man rana mai tambarin oganik zai tarar da zinc oxide ko titanium dioxide a ciki, waɗanda ke barin fari-fari kamar toka a baƙar fuska. Mai ɗan launi da aka sa wa iron oxides ya fi dacewa, kuma a nemi SPF 30 ko sama, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa daga rana.

Gwaji a gida

Kafin man ya hau fuska, a shafa kaɗan a cikin lanƙwasar gwiwar hannu sau biyu a rana na kwana bakwai zuwa goma, kamar yadda ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ke ba da shawara, domin borin fata na iya ɗaukar kwanaki kafin ya fito. Idan babu ja, babu ƙaiƙayi, babu ƙuraje, sai a ɗauki hoton fuska da safe a bakin taga ɗaya, ba hoda, ba tacewar waya, a fara amfani da shi shi kaɗai ba tare da canza sabulu ko ƙara wani sabon abu ba, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aikin ba. Laushi da daina jan fata ya kamata a ji su cikin mako guda. Tabo da ƙananan layuka kuwa sai an ba su makonni 12, a sake ɗaukar hoto a wuri ɗaya da lokaci ɗaya a kwatanta. A kuma raba kuɗin kwalbar da yawan giram ɗin da ke ciki a gwada da na wani mai sauƙi mai gilisarin da man kaɗanya, domin a san nawa ake biya saboda alkawari na uku, wato na hana tsufa.

Saurin sakamako alama ce ta haɗari. Idan fuska ta yi haske cikin kwana goma ko makonni biyu, ko fata ta yi siriri har korayen jijiyoyi suka fito, ko gaɓoɓin yatsu suka yi duhu sauran hannu ya yi fari, ko nankarwa ta bayyana, ko fuska ta riƙa zafi da fesowar ƙuraje duk ranar da ba a shafa ba, to da alama akwai sitiroid ko sinadarin bilicin a ciki, komai aka rubuta a jikin robar. Wanda ya daɗe yana shafa irin wannan kada ya yanke shi rana ɗaya, domin fatar na iya tashi fiye da da. Ya ɗauki robar ya kai wa likitan fata, shi zai tsara yadda za a janye shi a hankali da abin da za a shafa a madadinsa.